Garayar Madam Lena

Tunda kun tambaya, ku gyara zama. Ran Juma'a na ji Nasiru a ƙofar masallacin nan na Tremont yana ce wa abokansa wai Baba Isuhu ya huta, sai dai ya shiga gidan Turawa ya murɗa makulli ya fito, alhali ku kuna kan keke cikin sanyi kuna kai wa mutane abinci. Ban tanka ba, don bayana na ciwo, wurin zama nake nema. Yau zan gaya muku yadda murɗa makullin yake.

Abin da nake gyarawa Turawa haf suke ce masa. Ni garaya nake cewa tun ranar farko, don shi ne sunan da ya zo bakina. Amma garayar da na sani a Damagaram tsirkiya biyu gare ta, mutum ya rataya a kafaɗa ya yi tafiyarsa. Wannan kuwa ta fi ni tsawo, tsirkiyarta arba'in da bakwai, nauyinta ya kusa buhun siminti, ba ta da wurin kamawa, kuma ba ta yafe karo.

Lokacin da na zo garin nan huluna da safar hannu nake sayarwa a tebur a Fordham Road. Akwai wani Alhaji Bawa, mutumin zangon Kumasi, mai motar kaya. Wata safiya ya tsaya a gabana ya ce, "Ɗan'uwa, abokin aikina ya kwanta. Rufe teburin nan ka zo ka taya ni ɗauko amarya." Na ɗauka wasa yake. Da muka hau saman wani tsohon bene a Harlem, wanda ba shi da lifta, sai ga abu tsaye a lulluɓe tun daga sama har ƙasa, mai shi tana tsaye a gefe tana murza hannu. Alhaji ya ce, "Na ƙasa shi ke ɗaukar nauyi, na sama shi ke tuƙi. Kai ne na ƙasa." A kowace kwana sai mun tsaya mun karkata ta, matar na biye da mu tana cewa a hankali, a hankali. Da ƙyar muka iso titi. Muka kwantar da ita a kan katifa a mota, gefen ƙarafunan yana kallon sama, na ɗaure ta da igiya.

Shagon da muka kai ta a ƙarƙashin ƙasa yake, a Manhattan. Mai shagon wani tsoho ne, Mista Koval, gajere, mai tabarau biyu a wuya. Bai dubi fuskata ba, igiyar ya duba.

"Wa ya koya maka ƙulli?"

Na ce babana baduku ne, tun ina ƙarami nake riƙe masa fata.

Ya yanko guntun tsirkiya ya ƙulla a gabana, ya miƙo mini wani ya ce in yi. Na yi, ya ja, ya warware. Na sake, ya warware. Ya ce, "Gobe ka dawo."

Na daɗe a shagon nan kafin ya bar ni in taɓa wuyan garaya. Shara nake yi, da ɗauka da saukewa, da canja ƙyallen da ake naɗa wa feda, da sa tsirkiya. Tsirkiyoyin ƙasa waya ce, na tsakiya hanjin saniya ne da aka murza aka busar, na can sama roba. Kowace da irin ƙullinta, kuma ta bayan garayar ake zura hannu ta wata 'yar kafa a ƙulla, ido bai gani. Dubi yatsuna, duk wannan tabon na waya ne. Tsohon ba ya yabo, ba ya kuma zagi. Kalma ɗaya gare shi: "Sake." Ranar da na gama aiki ya duba ya wuce bai ce komai ba, ranar na san na fara iyawa.

Kayan aikin ba su da yawa, duk suna shiga jaka ɗaya. Makullin saita murya, filaya, abin yanke waya, 'yar kwalbar mai, tocila, ɗan madubi mai sanda irin na likitan haƙori, da sukurdireba masu siraran baki waɗanda tsohon ya wasa da hannunsa. Sai wata na'ura mai fitila da ke nuna maka ko murya ta zauna daidai. Kada ƙanƙantarsu ta ruɗe ku. A gindin garaya akwai feda bakwai da ake takawa da ƙafa. Kowace feda tana jan sandar ƙarfe da ta bi ta cikin ginshiƙin da ke gaban garayar har sama, sandar kuma ta juya wasu ƙananan faifai masu ƙaho biyu da ke jere a wuya. Ƙahonin su ke cafke tsirkiya su canja mata murya. In faifai ɗaya ya kauce da kaurin gashi, muryar ta ɓaci. Haka za ka bi su ɗaya bayan ɗaya, a tsaye, wuyanka a karkace, ka taka feda, ka kaɗa, ka saurara, ka murɗa, ka sake takawa. Garaya ɗaya tana cinye wuni.

Babban abokin gabarmu shi ne ziza, wata 'yar ƙara kamar ƙuda ya shiga kwalba. Akwai wata dattijuwa da ta kira ni gidanta kusa da babban lambun nan na tsakiyar gari, ta ce tsirkiya ɗaya na yi mata ziza, ta hana ta sukuni. Na duba faifai, lafiya. Na duba ƙulli, na ɗaure duk abin da ke ɗauruwa, na kwance feda na mayar. Ziza na nan. Har la'asar ta yi, na nemi izini na yi salla a kicin ɗinta, na dawo. Sai na ce ta riƙa kaɗawa, ni kuma na riƙa zagaya ɗakin ina dafa kaya. Da na dafa hoton marigayi mijinta a bango, ziza ta ɗauke. Gilashin hoton ne ya saki. Matar nan ta ɓata rai kamar mijin na zaga, ba ta sake kirana ba.

Kwastomomi iri-iri ne. Akwai masu kiɗan biki da otal, su kullum cikin sauri suke, kuma su ne masu kirki, don sun san wahalar ɗauka. Akwai masu kuɗin da suka saya wa 'yarsu, ta yi wata biyu ta gaji, garayar ta zama wurin rataya riga. Akwai na manyan ƙungiyoyin kiɗa, masu kunne kamar zomo. Dukansu abu ɗaya suke so, murya mai tsabta. Garin nan kuma ba ya taimako. Da sanyi hitar ɗumama ɗaki ta busar da katako, da zafi laima ta sa hanji ya riƙa tsinkewa shi kaɗai.

Sai Madam Lena. Ita daga wata ƙasa ta gabashin Turai ta zo, siririya, ba ta da yawan magana, tana zaune a ɗaki ɗaya ita da garayarta a arewacin Manhattan. Garayar tsohuwa ce, malamarta ta bar mata gado. Ranar da na fara zuwa na saita mata ita tsaf, na kaɗa tun daga sama har ƙasa, ba ƙura ko ɗaya. Ta saurara, ta nuna wata tsirkiyar waya ta ce, "Mista Yusuf, ina son wannan ta yi ziza."

Na ce, "Madam, ai na cire."

Ta ce, "Na gani. Sa mini nake so ka yi."

Ta zauna ta nuna mini. A wurinsu wani ne ke rubuta kiɗa a takarda, wani kuma ya kaɗa. Yawancin abin da ake kaɗawa da garaya waɗanda suka rubuta shi sun daɗe da mutuwa. Ita kuwa na masu rai take kaɗawa, ita kaɗai, ba ganga ba mawaƙi. Kuma masu ran nan ba abin da ba sa nema. Ta tsayar da feda a tsakiya, inda ba a tsayar da ita, tsirkiya ta yi gurnani. Ta saƙa takarda tsakanin tsirkiyoyi, suka yi ƙara kamar ana kaɗa kwano. Ta goga makullin ƙarfe a jikin hanji, ya yi kuka. Ta ƙwanƙwasa ƙirjin garayar, wato faffaɗan katakon da tsirkiyoyi ke fitowa daga cikinsa, kamar mai buga ƙofa. Ni dai ina tsaye ina lissafin ɓarnar da ake yi a gabana.

Na koma shago na kai ƙara wurin tsohon. Bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Garayarta ce. Kai dai ka tabbata zizar da ta nema ita ke fitowa, ba wata ba."

To, wannan ya fi cirewa wuya, ku ji da kyau. Ziza ta ganin dama ce, yau ta zo gobe ta ƙi. Ka sa ta zo a tsirkiya ɗaya, da ƙarfi ɗaya, duk lokacin da aka kira ta, sauran tsirkiyoyin kuma su zauna da tsabtarsu, wannan aiki ne da ba wanda ya koya mini, don tsohon ma bai taɓa yi ba. Kuma irin wannan kiɗa yana cin garaya. Ƙyallen feda da ke shekara a wurin wasu, a wurinta cikin 'yan watanni ya cinye. Hanji ya yi gashi ya tsinke. Na fi zuwa gidanta fiye da gidan kowa.

A nan na san Tomas, wani saurayi daga Kudancin Amurka, mai koya wa yara piyano don ya ci abinci. Shi ke rubuta mata wani dogon kiɗa, nata ita kaɗai, a kan wannan garayar. Sun fi shekara biyu suna abu ɗaya. Sai ya kira ni ina tuƙi ya ce, "Mista Yusuf, in an ɗaure wayar ƙasa ta hau sama da inda take, me zai faru?" In ce, "Katakon zai biyo ta." Ya ce to, a bar wannan. Wata rana kuma ya ce a sassauta tsirkiya uku har su yi laƙwas, a kaɗa su a haka. Na rantse masa ba abin da zai fito sai shirme. Muka gwada, sai ga wata murya mai zurfi kamar daga cikin rijiya. Na ce, "Ka yi gaskiya." Ban ce kiɗan yana yi mini daɗi ba, kuma ba su taɓa tambayata ba. An sa musu rana a wani zaure mai kyau, farkon bazara.

Sai shekarar korona ta zo. Ku kun san ta ta fuskarku, kuna kan keke titi ba kowa. Mu kuwa a mako ɗaya aka rufe zaure, aka rufe otal, aka soke biki. Mista Koval ya kwanta, aka kai shi asibiti, bai fito ba, ba a kuma bar kowa ya je jana'izarsa ba. 'Yarsa ta kira ni ta ce in zo in kwashe kayan aiki kafin mai gida ya karɓi shagonsa. Na kwaso teburin aikinsa da sukurdirebobin na kawo wani ɗakin ajiya a Morrisania, inda nake har yanzu. Alhaji Bawa ya ce shi ya gaji, ya sayar mini da motar ya koma Kumasi. A shekarar nan ban saita garaya ba sai jefi-jefi. Fitar da su kawai nake yi. Wannan ta koma gidan iyayenta, wancan ya sayar da tasa don ya biya haya. Mutanen da na yi shekaru ina shiga ɗakunansu, sai in sauko musu da garaya da takunkumi a fuska, mu ɗaga wa juna hannu daga nesa, shi ke nan.

Madam Lena ta tafi ƙasarsu duba mahaifiyarta ana gab da rufe hanya, da niyyar kwana kaɗan. Hanya ta rufe, jinya ta yi tsawo, uwar ta rasu. Da sanyi ya matso ta kira ni ta ce in je in duba garayar. Na je har sau nawa, mai kula da benen ya bar aiki, sabon kuma ya ce bai san ni ba, ba zai buɗe ba. Haka garayar ta ci sanyin nan gaba ɗaya tsirkiyoyi a ɗaure, kusa da hita, ba mai sa mata ko kwanon ruwa a ɗaki.

Ranar da ta dawo ta kira ni, tun daga bakin ƙofa na ga ƙirjin ya kumbura. Na durƙusa na zura madubi da tocila ta baya. Tsaga ce doguwa, ta bi tsakiyar katakon daga ƙasa ta yi sama, inda wayoyi masu kauri suke ja. Tana tsaye a kaina.

"Ta tafi?"

"Ƙirjin ya tafi, Madam. Sai an sa sabo, kuma ba aikina ba ne, sai kamfanin da ke ƙera su. Yanzu dai a sauke tsirkiyoyin yau."

Ni da ita mun san ba ta da halin sabon ƙirji, ta fi shekara ba aiki. Ta zauna a bakin gado ta ce, "Ba wanda ya taɓa jin kiɗan Tomas. Ko sau ɗaya."

Na samo mata aron wata garaya mai kyau, na kai mata, na yi kwanaki ina neman muryoyin nan a jikinta. Ba su zo ba. Sabuwa ce, katakonta bai saki ba, duk abin da aka yi mata sai ta amsa da tsabta. Tomas ya zo ya saurara ya girgiza kai. Madam Lena ta ce, "A kan tawa za a yi. Sau ɗaya, a ɗauka a na'ura, daga nan ka sauke."

Na ce mata, "Tsirkiyoyin nan in an haɗa jansu ya kusa tan guda. In katakon ya fashe kina rungume da ita, fuskarki ce a wurin."

Ta ce ta sani.

Na ce to, da sharaɗi. Zan manna ƙananan katako ta ciki su riƙe tsagar, zan kuma sauke muryar garayar gaba ɗaya ƙasa don jan ya ragu. Tomas ya ce ya yarda, ko da kiɗan zai yi duhu. Sannan ranar zan zauna inda za ta gan ni, in na ɗaga hannu ta saki garayar ta ja da baya. Ta ce ta yi alkawari.

An yi shi da rana, bayan azahar, a wani ɗan zaure a ƙarƙashin coci. Mutane kaɗan ne, kowa da takunkumi, kujeru nesa da juna, da mutum ɗaya mai ɗaukar murya. Ni na ɗauko garayar da kaina, kowane rami a titi sai da na ji shi a cikina. Na saita ta, na zauna a gefe, makulli a hannuna, idona a kan katakon.

Ta fara. Ba zan iya gaya muku yadda farkon yake ba. An yi nisa, aka zo wani wuri da take marin wayoyin ƙasa da tafin hannu, sai na ji ƙas. Ƙara ce ƙarama, kamar an karya tsinken ashana. Ɗaya daga cikin katakon da na manna ya saki. Na ɗaga hannu.

Ta gan ni. Ido cikin ido muka kalli juna. Ta mayar da kanta ga tsirkiyoyi ta ci gaba.

Ban san abin da zan yi ba. In na tashi na kama ta, na ɓata abin da suka yi shekaru suna yi. In na zauna, ina kallon tsaga tana ƙara baki. Na bar hannuna a sama har kafaɗata ta ƙage, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Allah ya sa katakon ya riƙe. Ta kai ƙarshe, ta ɗora tafukanta a kan tsirkiyoyin suka yi shiru. Aka jima kafin a tafa. Tomas ya rufe fuska da hularsa.

Da mutane suka watse ta zo wurina, gumi ya jiƙa mata riga. Ba ta ba ni haƙuri ba, ni ma ban yi maganar alkawari ba. Ta ce, "Yaya ka ji shi, Mista Yusuf?"

Na ce, "Madam, ni ban ji kiɗa ba. Katako nake saurare."

Ta gyaɗa kai, ta riƙe mini ginshiƙin, na shiga sauke tsirkiyoyin. Ba a sauke su gaba ɗaya, kaɗan-kaɗan ake bi, a zagayo a sake bi, don kada katakon ya firgita. Muna yi tsagar tana rufewa da kanta, har ta koma kamar zanen fensir. Na naɗe tsirkiyoyin na ba ta a leda.

Yanzu tana wata jiha can nesa tana koya wa yara kiɗa a makaranta. Garayar tana wurina a Morrisania, a lulluɓe, bayan tebur. Duk shekara takan kira ta ce baɗi za a kai ta kamfani, in ce Allah ya kai mu. Ni kuma bayana ya ƙi, ba na hawa bene da kaya sai na nemi mutum biyu, kuma tsirkiyoyin can sama sai na dogara da na'ura, kunnen ya fara gajiya.

Kwanakin baya ta turo mini abin da aka ɗauka a waya. Ta ce mai ɗaukar ya so ya goge ƙarar katakon, Tomas ya hana. Na kunna a mota, ina cikin cunkoso a Fordham Road, na ce bari dai yau in ji kiɗan nan kamar kowa. Ina ji, ina ji, har aka zo wurin. Sai na ga hannuna ya bar sitiyari ya tashi sama. Wani mai tsallaka titi ya ɗauka gaishe shi nake, ya ɗago mini nasa.

Na kashe. Ban sake kunnawa ba.